Mu da "Ba Komai" da "Anya Kuwa?"

Ka je duba mara lafiya ko'ina a ƙasar Hausa, ka tarar an ɗaura masa ruwa, numfashi da ƙyar, ka sunkuya ka ce, "Malam, yaya jiki?" Amsar ɗaya ce daga Kano har Maraɗi: "Da sauƙi." Ka wuce kasuwa ka sami mai tireda tun safe ko ashana bai sayar ba, ka ce, "Alhaji, ya kasuwa?" Ya ce, "Sai godiya." Mu haka muke, bakinmu ba ya ɗaukar labarin tsiya, kuma wallahi halin nan yana burge ni, don shi ya riƙe mu a shekarun da wasu da tuni sun durƙushe. Sai dai akwai inda yake kai mu ya baro. Tunda yau tabarma ɗaya muke kai, kuma babu baƙo a cikinmu, bari mu ɗan taɓa juna. Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mu fara daga tasha, don a nan ake ganin halinmu ba riga. Kwanakin baya na hau mota daga Kano zan je Katsina, irin ƙaramar motar nan da maƙeranta suka yi wa mazaunin mutum biyar, mu kuma muka duba muka ga da sauran wuri: gaba biyu, baya huɗu, ga direba, ga yaro a cinyar uwarsa wanda ba a sa shi a lissafi. But ya ƙi rufuwa saboda buhunan da aka danna, aka kawo igiya aka ɗaure. Muna jiran cikon mutum ɗaya sai wani dattijo mai farin gemu ya sauka ya zagaya motar, ya tsuguna ya shafa tayar baya. Ta suɗe tas kamar tafin hannu, har zaren ciki ya fara leƙowa. Ya ɗago a hankali ya ce, "Direba, anya tayar nan za ta kai mu kuwa?"

Kai ka ce ashar ya yi. Direba ya ce, "Haba Baba, tayar nan jiya-jiya ta dawo daga Legas." Wata Hajiya da ke kusa da ni ta tafa hannu: "Subhanallahi! Baba, da girmanka? Tafiya za mu yi, ka yi mana fatan alheri mana." Wani saurayi a gaba ya juyo ya ce in kwana ya ƙare ko a kan katifa kake sai ka tafi. Wani kuma ya yi ƙasa da murya ya ce bakinsa ya sari ɗanyen kashi. Dattijo ya dawo ya zauna ya yi tsit, kamar shi ne ya suɗe tayar. Muka karanta addu'ar hawa abin hawa, muka kama hanya.

Ba mu kai Bichi ba hira ta yi daɗi, Hajiyar nan take gaya mana ko maƙwabtanta ba su san ta yi tafiya ba, ce musu ta yi za ta leƙa unguwa, don ita fa tana tsoron baki. Duk muka gyaɗa kai, kowa a motar ya haddace wannan karatun: ba a faɗin ranar tafiya, ba a faɗin watan haihuwa, ba a ƙirga 'ya'ya a gaban mutane, in an sami ƙarin girma a wurin aiki sai a ce ana nan dai ana lallaɓawa. Ga mace mai tsantseni, ta yi wa kambun baka shiri tun daga gida, ta toshe kowace kafa, sannan ta zauna daram a kan suɗaɗɗiyar taya ana sharara gudu da ita, hankalinta kwance.

Muka isa Katsina lafiya lau, alhamdulillahi, kuma a nan gizo ke saƙar. Direba ya kalli dattijo ta madubi yana murmushi: "To Baba, ga mu dai." Kowace isa lafiya sai ta zame mana hujja, gobe a ƙara mutum ɗaya a gaba. Waɗanda tasu tayar ta fashe a hanya ba sa dawowa majalisa su ba da nasu labarin. Sai dai mu je ta'aziyya mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a shafa fatiha, a koma tasha a hau irin motar.

Kowane gida namu akwai mutum biyun nan, kamar raba mana su aka yi da mudu. Akwai Malam Ba-Komai, akwai Gwaggo Anya-Kuwa. Shi Malam Ba-Komai shi ne zai haƙa tushen gida mai ɗaki shida da kuɗin bulo 500, ya ce sauran Allah zai kawo. Shi ne zai kama hanyar Zariya allurar mai tana kan ja, ya ce ai motar tasa ta san shi. Albashi bai kai tsakiyar wata, amma ya hango wata bazawara a layin baya, in ka yi magana ya ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ita kuwa Gwaggo Anya-Kuwa, hadari na can gabas bai ko yi baƙi ba ta kwashe shanya. Yaro ya yi tari sau biyu ta fara lissafin cututtukan da suka kashe mutane a dangi. Waya ta yi ƙara bayan isha'i, kafin a ɗauka ta soma salati. Sau da yawa ma miji da mata ne, kuma gidan na tafiya ne don ɗaya na ja ɗaya na riƙewa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke yi da ita. Shi Malam kowa na son zama da shi, hirarsa daɗi, ka tashi daga wurinsa kana jin kamar gobe za ka yi kuɗi. Ita kuwa mun sa mata sunaye: mai mugun baki, mai fatan tsiya, mai hana ruwa gudu. In abin da ta hanga bai faru ba, a yi mata dariya. In kuma ya faru, ba za a ce ta hango ba, cewa za a yi bakinta ne ya jawo. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. To wa zai yarda ya zama marataya? Shi ya sa a hankali masu hange a cikinmu suka koyi yin shiru, kamar dattijon tasha. Mutum na ganin rami a gaban ɗan'uwansa, sai ya haɗiye maganar ya ce, "Allah ya sa alheri."

Ku dubi tela a watan azumi. Kowa a cikinmu yana da tela, kuma kowa ya taɓa tsayuwa a ƙofar shagonsa daren Sallah. Shi ba maƙaryaci ba ne, Allah ya sani. Ranar da ya karɓi shaddarka ya ce ka zo ranar ashirin ga wata, har zuciyarsa haka yake gani. A lissafinsa wuta ba za ta ɗauke ba, keke ba zai lalace ba, yaron da ke yi masa aiki ba zai gudu ƙauye ba, shi kansa ba zai yi gyangyaɗi ba. Bara duk waɗannan sun faru, bara waccan ma haka, amma bana daban ce. Mu ma da muke kai masa ɗinki ana saura kwana goma mun san labarin bara sarai, sai dai kowa na ganin nasa ne za a fara. Maginin da ya ce wata uku, da mai gyaran mota da ya ce zuwa la'asar, da mai bashin da ya ce ƙarshen wata, duk 'yan gida ɗaya ne. Hangen Dala suke yi, su ɗauka sun shiga birni.

Kada wani ya ce cutar Bahaushe ce kaɗai. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Neil Weinstein, ya yi wa ɗaliban jami'a tambayoyi a binciken da ya fitar a 1980, ya tarar galibinsu kowa na ganin alheri ya fi kusa da shi a kan tsararrakinsa, sharri kuma ya fi kusa da su. Saki, ciwon zuciya, korar aiki, duk na wasu ne. Ashe ɗan Adam ko'ina gwano ne, ba ya jin warin jikinsa. Mu dai abin da muka ƙara shi ne mun yi wa halin rawani, mun kuma hana a taɓa shi.

Sai maganar kuɗi, inda nan ne kowa zai sunkuyar da kai. Wa ya manta MMM? A 2016 aka ce ka zuba kuɗi, bayan wata ɗaya a ba ka ƙarin kashi 30 cikin 100, ba saye ba sayarwa, wai taimakon juna ne. Wanda ya ƙirƙiro ta, Sergey Mavrodi, ya riga ya yi irinta a Rasha a shekarun 1990 har ta kai shi kurkuku. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi, muka ce hassada ce, ba sa son talaka ya samu. Malamin makaranta ya zuba, ma'aikacin banki da ya san lissafi ya zuba, matar aure ta sayar da ɗan kunnenta ta zuba. A Disambar 2016 aka rufe asusun kowa. Mun san karin maganar tun muna yara, banza ba ta kai zomo kasuwa, amma me zai hana ka shiga alhali ɗan ɗakinku ya nuna maka alat a wayarsa? Mu ba takarda muke bi ba, fuska muke bi. In wanda ya kawo maganar namu ne, muna salla sahu ɗaya, to an gama bincike.

Aka jima kuma sai ga Pi, kuɗin intanet ɗin nan. Tun daga 2019 samari da 'yan mata, har da dattawa masu furfura, kullum sai an danna waya, ana jiran ranar da za ta fashe. Aka yi ta yaɗa cewa ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159, mutane suka zauna da biro suna rabon gidajen da za su saya, wani har ya zaɓi wanda zai kai Makka. Da aka buɗe kasuwarta a Fabrairun 2025 ko dala biyar ba ta kai ba. Kafin nan, a 2024, wasu sun ɗan samu a Notcoin, sai gari ya ɗauka, aka koma dannan Hamster Kombat a masallaci da makaranta da gidan biki, yatsa har ya yi kanta, ranar rabo wani ko kuɗin datarsa bai fito ba. Ni ban ga laifin yaran nan sosai ba. Wanda ya gama karatu shekara biyar yana zaune a dakali, in ka hana shi fata me ka bar masa? Mai nema yana tare da samu. Abin da ke sa ni tsuke baki shi ne wanda ya sayar da babur ɗin da yake ci da shi don cinikin biri a sama.

Manyanmu ma na kasuwar hatsi ta Dawanau ba su tsira ba. Sun ga yadda hatsi ya yi tashin gwauron zabo a 2024, sai masu kuɗi da marasa kuɗi, har da waɗanda suka ci bashi, suka cika sito da masara da gero ana jiran ya sake ninkawa. A 2025 farashi ya juyo ƙasa. Ka ce wa mutum, "Alhaji, ka sayar ka rage asara," ya ce shi ba zai sayar ƙasa da yadda ya saya ba, ya bari ya ƙara faɗuwa, ƙwari na ci, kuɗin sito na hawa. Daniel Kahneman, wanda ya sami kyautar Nobel a 2002, shi da abokin aikinsa Amos Tversky sun nuna cewa zafin asara a zuciyar mutum ya kusan ninka daɗin riba mai yawanta. Shi ya sa mutum kan gwammace ya ci gaba da caca da abin da ya rage a kan ya buɗe baki ya ce na faɗi.

To amma wannan mutumin da ya miƙa wa wanda bai taɓa gani ba dukiyarsa ta waya, ka ce masa ya yi wa shagonsa inshora. Nan take Gwaggo Anya-Kuwa za ta farka a cikinsa: anya ba caca ba ce, anya za su biya, anya ba kiran gobarar ba ne? Ka ce akwai takaful, wanda aka tsara bisa shari'a, ya ce zai yi shawara. Ka ce to ko tukunyar kashe gobara ya rataya, ko ya kira mai gyaran wuta ya duba wayoyin nan da suka yi kamar saƙar gizo a saman rumfa, ya ce Allah ne mai tsarewa. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ci wuta a Maris ɗin 2016, dubban shaguna suka tafi. Babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a Janairun 2021, ta Katsina ta biyo baya a Maris ɗin shekarar. Duk mun je jaje, mun ga masu kuka a kan tokar kuɗin da suka bari a shago. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, mu kuwa mukan tsaya taya shi kashewa har mu manta muna da gemu.

Amma fa a nan akwai abin da ya kamata a faɗa don a yi mana adalci. Ba-komai ɗinmu ba a iska yake tsaye ba. Ɗan kasuwar da shagonsa ya ƙone ya san kafin sati ya zagayo 'yan layi sun haɗa masa wani abu, ubangidansa ya ba shi kaya bashi, surukinsa ya sayar da sa. Dangi da abokan arziki su ne inshorarmu tun kaka da kakanni, kuma sun biya mutane da yawa ba tare da cika fom ba. Matsalar ita ce ranar da wuta ta ci layin gaba ɗaya, mai taimako da wanda za a taimaka duk suna tsaye a kan toka ɗaya.

Haka ita ma anya-kuwa ɗinmu tana da asali, ba daga sama ta faɗo ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya yi tsalle. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Da aka zo da jita-jita a kan rigakafin shan inna a 2003, ta tarar da zukata a shirye, aka dakatar da shi a Kano sai a 2004 aka dawo. Tsoron yana da dalili, amma wa ya biya kuɗinsa? Yaran da suka shanye a tsakanin nan, waɗanda yau manya ne muna ganinsu a kan keken guragu. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar ta bar Afirka. Kuma mu ɗin nan da muka ɓoye yara a ƙarƙashin gado don ɗigo biyu a baki, mu ne muke tsayar da mai lasifika a kasuwa mu sayi gora ɗaya da ke maganin basir da sanyi da shawara da ciwon baya, mu shanye ba tambaya, don da Hausa ya yi mana magana. Asibiti kuwa ba ma zuwa awon hawan jini, wai in ka je sai sun gano maka wani abu.

Ku tuna dokar hular kwano ta Janairun 2009. Aka ce duk mai babur da fasinjansa su sa. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga gari cewa in ka sa hular ɗan acaɓa hankalinka zai gushe, a wuce da kai inda ba a dawowa. Masu sauƙin ra'ayi suka ce ƙwarƙwata da makero suke gudu. 'Yan acaɓa a Kano suka kifa ƙoƙo a ka suka ɗaure da igiya don jami'ai su hango daga nesa, har kafafen labarai na duniya suka ɗauka. Kwalta da ke fasa kai kullum a gaban idonmu ba ta ba mu tsoro ba, hular da za ta tare ta ita muka ji tsoro.

Wani lokacin kuma Gwaggo ce ke cin gari, kuma ranar ba a zama lafiya a gidan. Lokacin canjin kuɗi, farkon 2023, wata gwaggona ta rantse ba za ta kai ko sisi banki ba. Muka yi lallashi, muka yi barazana, muka ce ranar kaza kuɗinki sun zama takarda, ta ce a bar mata takardarta. Mu masu wayewa muka kwashe namu muka kai, muka dawo muna kwana a layin ATM, muna sayen naira da naira a wurin masu POS. A watan Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Gwaggo ta buɗe kwallarta a tsakar gida, ta kira ni, "Kai ɗan nan, zo ka karɓi na cefane, in bankin naku ya buɗe ka biya ni." Har yau in aka kawo wata sabuwar magana sai ta ce, "Kun manta canjin kuɗi?" Gaskiyarta sau ɗaya ta zame mata lasisin ƙin komai har abada, kamar yadda isa Katsina lafiya ta zame wa direba. Ita ma ba ta lissafa abin da tsadar kaya ke ci a cikin kwallar nan kullum tana barci. Abin da ya cece ta shi ne rabin dukiyarta awaki ne.

Akwai wurin da raha ke tsayawa. Daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Bayan wata uku irin haka ta sake faruwa a Dikko ta jihar Neja. Ba na yarda a ce jahilci ne kawai, babu wanda bai san fetur na kamawa ba. A lokacin lita ta haura naira 1,000, bokiti ɗaya abincin kwanaki ne. Talauci yakan sa mutum ya ga ribar ƙatuwa, haɗarin kuma ɗan mitsitsi. Ga kuma jama'a: ka ga maƙwabcinka ya cika jarka ya wuce lafiya, ka ga mutum ɗari a wurin, zuciya ta ce da akwai matsala da duk waɗannan ba su tsaya ba. Na tabbata a daren nan akwai wanda ya ce, "Jama'a, anya kuwa?" Ina ma muryarsa ta fi haka ƙarfi, ina ma mun saba jin irinta ba tare da tsaki ba.

Ko maganar gwajin jini kafin aure. Saurayi AS, budurwa AS, likita ya zaunar da su ya ce kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaro ya zo da sikila. Su fito su ce Allah ne mai yi, iyaye su ce an riga an sa rana, an raba goro, ina za mu kai kunya? Wasu ma lissafin suke juyawa, wai in na fari ya zo da ita to ukun baya sun tsira, alhali kowane ciki sabon lissafi ne. Wanda ya taɓa kwana a asibiti kusa da yaro mai sikila yana ihun ƙashi ba zai so a yi wannan cacar da sunansa ba. Na ji daɗi da Kano ta mai da gwajin doka a 2024, don yanzu anya-kuwa ta sami takarda, ba sai wata gwaggo ta sha zagi ita kaɗai ba.

Abin mamaki, addinin da muke fakewa da shi bai bar mu a duhu ba. Kowane ɗan Islamiyya ya san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Mun san Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, kuma babu mai cewa imaninsa ne ya yi rauni. Mun san Annabi Yusuf ya sa an tara hatsin shekara bakwai na ƙoshi saboda bakwai na fari. Malamai sun karantar da mu cewa Manzo yana son kyakkyawan fata, ya kuma hana camfi. Mu sai muka ɗauki kyakkyawan fatan muka kai shi kan taya da wayar wuta, camfin da aka hana kuma muka riƙe abinmu gam.

Wanda na ga ya iya zama da mutum biyun nan a ƙirji ɗaya shi ne manomi. Akwai wani kawuna a ƙauye, yana cikin masu yin binne: ƙasa a bushe, rana na dukan ƙeya, ko ɗigo bai sauka ba, zai fita da sungumi ya zuba gero a rami ya rufe, yana jiran ruwan da bai gani ba. In akwai kyakkyawan zato da ya wuce wannan ban san shi ba. Amma ka bi shi gonar ka gani. Gero na nan don yana nuna da wuri ya fitar da gida daga yunwar damina, dawa na nan don tana jure abin da gero bai jure ba, wake na rarrafe a tsakaninsu, ga 'yar gyaɗa a gefe. Gona ɗaya a jigawa, ɗaya a fadama, in ruwa ya yi yawa wannan ta ba shi, in ya yi ƙaranci waccan ta ba shi. A bayan gida akwai rumbun da ba a buɗewa sai damina ta yi nisa, ko baƙon wa aka yi. Ya ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914 a bakin kakanninsa, farin 1973 kuwa da na 1984 da idonsa ya gani, har yau yana iya gaya maka shanu nawa suka mutu a gidansu.

Na je gaishe shi ana dab da faɗuwar damina, na same shi a zaure yana auna iri. Na ce, "Kawu, yaya kake ganin daminar bana?" Ya washe baki ya ce, "Alheri, ɗana, alheri! Bana in Allah ya yarda har ɓera sai ya yi ƙiba." Yana faɗa yana raba geron gida biyu, rabi a ƙwarya, rabi yana juyewa a wata tsohuwar tukunya. Na ce, "To wannan na tukunyar fa?" Ya ce, "Wannan na ranar da ruwa ya yi mana fashi ne bayan tsiro ya fito, a sami na sake shukawa." Ya ƙwala wa jikansa kira ya kawo toka, ya barbaɗa a kai saboda ƙwari, ya kifa murfi ya liƙe bakin da laka, ya tura ta can ƙuryar ɗaki. Sannan ya saɓa sungumi, ya miƙo mini ƙwaryar ya ce in biyo shi a baya ina zubawa, kada in wuce abin da yatsa uku suka ɗauka a kowane rami.